Fitar Bitrus daga kurkuku da wahayin Ezekiyel ba iri ɗaya ba ne

Wani mai rahoto ya ce duk wahayin Littafi Mai Tsarki a zuci kawai ya faru. Gaskiya an yi kuɗin goro a nan, domin nassin da kansa yana bambantawa.

A duba Ayyukan Manzanni 12. Bitrus na kurkuku tsakanin sojoji biyu, sarƙoƙi suka zube daga hannuwansa, ƙofar ƙarfe ta buɗe da kanta. Aya ta 9 ta ce ya zaci wahayi yake gani, sai ga shi tsaye a titi, har ya je yana ƙwanƙwasa ƙofar gidan Maryamu uwar Yohanna Markus. Wannan a zahiri ne. Amma a sura ta 10, mayafin dabbobin da ya sauko masa sau uku a Yafa bai bar ko gashi ɗaya a kan soron da yake addu'a ba.

Ezekiyel 8 ma kamar na Yafa ne: yana zaune a gidansa tare da dattawan Yahuza aka kai shi Urushalima "cikin wahayi".

Inda masu wa'azi ke kuskure, ba sa tambayar ko wani ya shaida, ko abin ya bar alama a jiki. Shawulu (wato Bulus) dai kwana uku ya yi ba ya gani bayan Yesu ya bayyana masa a hanyar Dimashƙu.