Sola tana aiki a Legas ko da damina

Abin nan yana damuna wallahi, kullum sai ka ji ana cewa sola ba ta da amfani a Legas saboda yawan ruwa da hadari, wai sai Arewa inda rana ke ƙuna. Eh, Arewa ta fi mu samun rana, wannan gaskiya ne. Amma shi fanel da haske yake aiki ba da zafi ba, ko hadari ya rufe gari yana kawo wuta sai dai ta ragu sosai, zafi mai yawa ma rage masa ƙarfi yake yi. Mai cajin waya a Agege, a watan Yuli batirinsa zai daɗe ne kafin ya cika, shi ya sa tun wajen haɗawa ake lissafi da damina a ƙara yawan fanel.