Kafin Ka Zubar da Jini a Kan Ɗan Takara, Ka San Yadda Ake Raba Kujeru

Assalamu alaikum 'yan uwana matasa, maza da mata.

Akwai abin da ya daɗe yana sosa mini rai, yau dai na ga gara in amayar da shi. Duk sanda zaɓe ya ƙarato mu ne a sahun gaba. Mu ne liƙa fosta, mu ne cika filin taro, mu ne kwana a Facebook muna zagin iyayen juna. Aboki ya daina gaisawa da aboki, wani ya rasa ido, wani ma a kai shi makwancinsa. Amma ka tsayar da ɗaya daga cikinmu ka ce, "Ɗan uwa, ta wace ƙa'ida ƙuri'arka take komawa kujera a majalisa?" sai ka ga ya yi tsuru-tsuru. Mun haddace sunayen 'yan takara da laƙabinsu da kirarinsu, amma ma'aunin da ake auna ƙuri'unmu da shi ba mu taɓa ɗaga shi mun duba gindinsa ba.

A ƙasashe da yawa, musamman waɗanda suka gaji tsarin Birtaniya irin su Indiya, Kanada, Amurka, Kenya, Ghana da Najeriya, ana yanka ƙasa ne mazaɓa-mazaɓa, kowace mazaɓa kujera ɗaya. Wanda ya fi kowa ƙuri'a, ko da da guda ɗaya tak ne, shi zai ɗauke kujerar, saura su tashi hannu rabbana. Mu ƙaddara mutum 10,000 suka jefa ƙuri'a a wata mazaɓa. Na farko ya samu 3,500, na biyu 3,300, na uku 3,200. Na farko ya ci. Mutum 6,500 da suka ce ba shi suke so ba, sun bi layi, sun dangwala, an ƙirga ƙuri'unsu daidai ba cuta, amma ba su aika kowa majalisa ba. To ku ninka wannan sau ɗaruruwan mazaɓu ku ga irin majalisar da za ta fito.

Ba sai kun yi hasashe ba ma. A zaɓen Birtaniya na 2024, jam'iyyar Labour ba ta cika kashi 34 cikin 100 na ƙuri'u ba, amma ta kwashe kujeru 411 daga cikin 650. Jam'iyyar Reform ta samu ƙuri'u sama da miliyan 4, ta tashi da kujeru 5. Ita kuwa Liberal Democrats, wadda ƙuri'unta ba su kai na Reform ba, ta samu kujeru 72. Ni kaina kalaman 'yan Reform a kan baƙi ba sa yi mini daɗi ko kaɗan, amma adalci ba ya tambayar ko kana son mutum. A Indiya a 2014, BJP ta samu kimanin kashi 31 cikin 100, ta riƙe kujeru 282 cikin 543, alhali jam'iyyar BSP da ta zo ta uku a yawan ƙuri'u a faɗin ƙasar ko kujera ɗaya ba ta samu ba.

Ku lura da kyau, 'yan uwa, abin da ya faru a Birtaniya ba satar akwati ba ne, ba aringizon ƙuri'a ba ne, ba a kuma sauya alƙaluma da tsakar dare ba. Mu mun saba da zarar sakamako bai yi mana ba mu ce maguɗi. Maguɗi gaskiya ne, yana faruwa, kuma wajibi ne a yaƙe shi. Sai dai ko an kawo waliyyai sun gudanar da zaɓe, matuƙar da wannan ma'auni za a auna, miliyoyin mutane za su koma gida ba wakili. Wani lokaci ma wanda ya zo na biyu shi ke kafa gwamnati. A Kanada, a 2019 da kuma 2021, 'yan Conservative ne suka fi yawan ƙuri'u, amma 'yan Liberal ne suka fi kujeru suka yi mulki. A Afirka ta Kudu a 1948, lokacin da aka hana mafi yawan baƙaƙen fata jefa ƙuri'a, ko a cikin waɗanda aka bari suka yi zaɓen, ɓangaren Jan Smuts ne ya fi ƙuri'u. Amma ɓangaren D. F. Malan ya fi kujeru, kuma shi ne ya kafa mulkin wariyar launin fata da ya shafe sama da shekara 40 yana gasa wa mutane aya a hannu.

Inda abin ya fi shafarmu mu matasa shi ne batun jini. Idan doka ta ce wanda ya ci ya kwashe komai, wanda ya faɗi kuma ya rasa komai har sai bayan shekara huɗu ko biyar, to an mayar da zaɓe ko a mutu ko a yi rai. Ɗan siyasar da ya san ƙuri'a ɗari za ta raba shi da komai zai nemi ɗarin nan ta kowace hanya, kuma ba 'ya'yansa zai tura nemanta ba. Ku da ni zai tura.

Ku dubi Lesoto, 'yar ƙaramar ƙasar nan da Afirka ta Kudu ta kewaye. A zaɓen 1993 jam'iyya ɗaya, BCP, ta lashe dukkan kujeru 65 na majalisa, duk da cewa sama da kashi 20 cikin 100 na masu zaɓe BNP suka zaɓa. A 1998 aka maimaita: jam'iyyar LCD ta samu kusan kashi 60 cikin 100 na ƙuri'u, ta kwashe kujeru 79 cikin 80. Mutum huɗu cikin kowane goma sun zaɓi 'yan adawa, amma kujera ɗaya rak aka bar musu. Yaya za ka shawo kan mutumin da ya ga dandazon magoya bayan jam'iyyarsa da idonsa cewa ba a cuce shi ba? 'Yan adawa suka ce maguɗi ne, aka fantsama kan tituna, wasu sojoji suka yi bore, har dakarun Afirka ta Kudu da na Botsuwana suka shiga ƙasar a watan Satumba na wannan shekara. Aka ƙone wani babban sashe na kasuwancin Maseru, babban birnin ƙasar, aka rasa rayuka da dama. Sai bayan an ga uwar bari sannan aka zauna aka duba tushen matsalar. Aka faɗaɗa majalisa zuwa kujeru 120: 80 na mazaɓu kamar da, 40 kuma a raba su don a cike wa jam'iyyun da kujerunsu ba su kai gwargwadon ƙuri'unsu ba. A zaɓen 2002, LCD ta sake cin zaɓe, amma BNP ta shiga majalisa da kujeru 21. Ƙasar ba ta kama da wuta ba a wannan karon, domin wanda ya faɗi ya samu wurin zama da bakin magana.

Kenya ma ta ɗanɗana. Daniel arap Moi ya ci zaɓen shugaban ƙasa na 1992 da kimanin kashi 36 cikin 100 saboda 'yan adawa sun rarrabu. Bayan zaɓen 2007 da aka yi ta jayayya a kan sakamakonsa, an kashe sama da mutum 1,000, dubban ɗaruruwa suka bar gidajensu. Tsarin mulkin da suka amince da shi a 2010 ya wajabta wa mai son shugabanci ya samu fiye da rabin ƙuri'u, ya kuma rarraba iko zuwa gundumomi 47 don kada komai ya taru a kujera ɗaya.

Akwai wata illa da ba ta zubar da jini amma tana kashe zuciya. Sau nawa aka ce maka, "Kada ka ɓata ƙuri'arka, wannan ba zai kai labari ba"? Mai faɗa maka haka ba ƙarya yake yi ba, tsarin ne ya mayar da maganarsa gaskiya. Wani masani ɗan Faransa, Maurice Duverger, ya bayyana tun a shekarun 1950 cewa irin wannan zaɓe yakan tura mutane su dunƙule cikin manyan jam'iyyu biyu, domin kowa na tsoron idan ya bi son ransa zai taimaki wanda ya fi ƙi. A Amurka a 2000, George W. Bush ya lashe jihar Fulorida da ratar ƙuri'a 537, ya kwashe dukkan wakilanta 25 na kwalejin zaɓe, wato wakilan jihohi da ke zaɓen shugaban ƙasa, ya zama shugaban ƙasa duk da Al Gore ya fi shi ƙuri'u a faɗin ƙasar. A jihar, Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya samu sama da ƙuri'a 97,000, kuma har yau akwai masu ɗora wa waɗanda suka zaɓe shi laifi. Wato mutum ya zaɓi wanda ya yarda da shi, a ce ya yi ɓarna. Don haka idan kun ga kowace sabuwar tafiya ta matasa tana tashi da ƙarfi sannan ta mace, ko a haɗiye ta cikin tsohuwar jam'iyya, kada ku tsaya ga zargin juna da rashin kishi kawai. Jam'iyyar da ke da kashi 15 cikin 100 a ko'ina, amma ba ta zo ta ɗaya a ko'ina ba, a wannan tsari daidai take da wadda ba ta da kowa.

Ga kuma wasa da iyakokin mazaɓu, inda masu mulki ke zana taswira yadda za su tara abokan hamayya a mazaɓa ɗaya, su warwatsa sauran. Tsohuwar dabara ce, tun 1812 aka san ta a jihar Massachusetts zamanin gwamna Elbridge Gerry.

Wasu ƙasashe sun bi wasu hanyoyi. Afirka ta Kudu tun 1994 tana raba kujeru 400 na majalisarta gwargwadon ƙuri'un kowace jam'iyya, shi ya sa da ANC ta samu kusan kashi 40 cikin 100 a 2024 ta tashi da kujeru 159, dole ta nemi abokan tafiya. A Jamus ƙuri'a biyu kake jefawa, ɗaya ga ɗan takarar mazaɓarka, ɗaya ga jam'iyya, kuma a ƙa'ida sai jam'iyya ta kai kashi 5 cikin 100 take shiga rabo. A Ostireliya tun 1918 mai zaɓe yana jera 'yan takara ne, na ɗaya, na biyu, na uku. Idan gwaninka ya zo ƙarshe, ƙuri'arka ta koma ga wanda ke bi masa a jerinka, ba ta faɗi ƙasa banza ba. Faransa kuma tana zuwa zagaye na biyu.

Ba zan yaudare ku in ce waɗannan ba su da aibi ba. Isra'ila ta yi zaɓe sau biyar tsakanin 2019 da 2022 saboda haɗakar jam'iyyu ta ƙi zama. Beljiyam ta yi kwana 541 ba a kafa sabuwar gwamnati ba bayan zaɓen 2010. Lesoto ɗin ma gwamnatocin haɗakarta sun yi ta rushewa, aka yi zaɓe a 2012 da 2015 da 2017. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne jerin sunayen waɗanda za a ba kujerun, wanda jam'iyya ke rubutawa ita kaɗai: inda iyayen gidan siyasa ke da ƙarfi, za su cika saman jerin da 'ya'yansu da yaransu, talaka bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Shi ya sa ni na fi karkata ga tsarin gauraye, wanda ke bar maka wakilin mazaɓa da ka san fuskarsa, sannan ya ƙara kujerun cike giɓi. Kuna iya saɓa mini, kuma zan yi murna da hakan, in dai da ilimi za ku saɓa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Yanzu ga ɗacin maganar. Wanda tsani ya kai shi sama ba ya son a taɓa tsanin. Justin Trudeau ya yi wa 'yan Kanada alkawari cewa zaɓen 2015 shi ne na ƙarshe da za a yi da tsohon tsari. Tsarin ya ba shi rinjaye a majalisa da ƙasa da kashi 40 cikin 100, a 2017 ya janye alkawarin. Kuma mu ma haka muke. Ranar da jam'iyyarka ta faɗi kai ne mai kukan a yi gyara, ranar da ta kwashe komai sai ka ce ai haka dimokuraɗiyya take. Ku ji tsoron Allah a kan wannan, ƙannena. Idan za ka haƙa ramin mugunta haƙa shi gajere, domin ma'aunin da ya tauye maƙwabcinka bana shi zai tauye ka baɗi. Ina so in ga matashin da jam'iyyarsa ke kan mulki ya miƙe a taronsu ya ce kujerun da muka samu sun fi ƙuri'unmu, kuma hakan bai dace ba.

Kada kuma ku ɗauka abu ne na dare ɗaya. 'Yan Birtaniya sun yi ƙuri'ar raba gardama a 2011 kan sauya tsari, kusan kashi 68 cikin 100 suka ce a'a. A Niyu Zilan kuwa an dace, amma ku ji tsawon tafiyar. A 1978 da 1981 Labour ta fi ƙuri'u, National ta yi mulki. A 1981 ɗin jam'iyyar Social Credit ta samu sama da kashi 20 cikin 100, aka ba ta kujeru 2. Aka kafa hukumar bincike, ta ba da shawarar tsarin gauraye a 1986, manyan jam'iyyun biyu suka yi ta jan ƙafa. Talakawa masu ƙungiyoyin neman gyara ne suka ƙi barin maganar ta mutu, suna bi gari-gari suna bayani, har aka yi ƙuri'ar raba gardama a 1992 da 1993, aka yi zaɓen farko da sabon tsari a 1996. Shekara 18 ke nan. Da aka sake tambayarsu a 2011, suka ce a bar musu abinsu.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin na yanzu ne da babu hayaniyar kamfe. Ka nemo sakamakon zaɓen majalisa na ƙarshe a inda kake, ka ɗauki biro da takarda, ka tara ƙuri'un kowace jam'iyya, ka kwatanta da kujerun da ta samu. Ka kai takardar majalisar hirarku da ƙungiyarku ta ɗalibai, ku yi gardama a kanta maimakon gardamar wane ya fi wane farin jini. Ka karanta sashen tsarin mulki da dokar zaɓe da suka tsara wannan rabo, ka san mutum nawa ake bukata a majalisa kafin a gyara su. Sannan ranar da ɗan takara ya zo neman ku cika masa fili, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka ce, "Ranka ya daɗe, mutanen mazaɓar nan da ba za su zaɓe ka ba, wa zai yi magana da yawunsu a majalisa, kuma wane ƙuduri za ka kai a kan haka?" Ka rubuta amsarsa da kwanan wata, ka adana ta har ya dawo neman zango na biyu.