Yadda meti ya ɗaura mini aure a kan sidi 13

Tunda Alhaji mai goro ya riga ya zagaye unguwannin Nima da Mamobi na Accra da nasa labarin wai ya gan ni ina bara, bari ni ma in faɗi nawa, mai yarda ya yarda. Abu na farko dai, ni ban yi bara ba. Ku riƙe wannan tukuna.

Ranar Asabar Gwaggo ta aike ni kasuwar Makola sayen atamfar anko na sunan jikarta. Babur ɗina kun san a hannun wa yake tun bayan sallah, ba sai na kira suna ba, wai aro na kwana biyu. To sai trotro, wato bas ɗin haya. Kuma da yake daga can zan wuce ɗaurin aure a Fadama sai na zuba farin kaftanina mai aiki, na kafa hula, carbi a hannu, na fito titi. Sai ga wata Sprinter, meti, wato yaron mota, ya leƙo da rabin jikinsa a waje yana ɗaga yatsa sama yana Kra Kra Kra, wato Accra, na shiga, kujerar da ta rage ita ce ƴar naɗewar nan ta bakin hanya wadda duk wanda zai sauka daga baya sai ka tashi ka fita ka ba shi wuri ka dawo. Ban yi ƙorafi ba.

Muna wuce babban masallacin Kanda meti ya fara yes yes ɗinsa yana karɓar kuɗi layi layi, takardu a nannaɗe tsakanin yatsu, ko wace tsaga da irin nata. Na ba shi sidi 20, kuɗinmu na Ghana, kuɗin mota 7, saura 13. Ya karɓa ya kau da kai. Na bari muka kai wajen Ridge nace meti canjina, yace Kramo abotare, wato Malam in yi haƙuri. Na ga da idona ya ba wani mai jaka canji, ya ba wata ɗaliba canji har da tsaba, ni dai abotare. Ga wani mai maganin gargajiya ya miƙe a gaba yana tallar kwalba ɗaya da ke maganin basir da ciwon baya da mantuwa, na so in saya wa metin saboda na ƙarshen.

Mun iso Tema Station kowa na sauka, sai yaron nan ya zaro takardar 20 guda ɗaya, ya nuna ni, ya nuna wata mata mai ƙaton daro da ke bayana, yace kai 13 ita 7, ku raba. Ya danƙa MATA kuɗin. Ita mai 7. Ni mai kaso mafi tsoka ban ko taɓa takardar ba. Kafin in buɗe baki ya daki jikin mota ya ce wa direba masa away, sun tafi. Shi ke nan an ɗaura aure, ba waliyyi ba shaidu ba goro.

Amaryar tawa ba ta jin Hausa, ni kuma yaren Twi ɗina na sayen kenke, tuwon masara, ne, yaren Ga kuwa gaisuwa kawai. Ta ƙulle kuɗin a haɓar zani, ta ɗora daronta a ka, ta yafito ni da hannu tana bra bra, na gane nufinta in biyo ta cikin kasuwa ta samo canji. Na bi. Abin da ya kamata ku sani, sanye take da baƙi da ja na makoki, kuma ranar Asabar ce, ranar da rabin garin ke zuwa jana'iza. Duk wanda zai ce me ya sa ban lura da fuskarta ba, ya je Makola ranar Asabar ya lura da fuskar wani in gani. Ni ƙeyarta da daronta na sani.

Mun kai wajen Rawlings Park sai ga ƴan kayayo, mata masu dako, sun taso a jere da kaya a ka suna agoo agoo, in ba ka kauce ba daro ya kwashe maka hula, na matsa gefe na ba su hanya, wani mai amalanke ya biyo baya, na ƙara matsawa. Ina ɗagowa na hango baƙi da ja da daro ya shige wani lungu. Na rufa baya. Lungun tumatir, lungun barkono, lungun busasshen kifi mai gishiri, ina tattare kaftani kada ya sha ruwan ƙasa, ita kuma sauri take ba ta ko waiwayowa, ni a raina ina cewa wato guduwa za ki yi da kuɗina ko, yau kin haɗu da ɗan Nima.

Sai ta tsaya. Ta sauke daro. A gaban masu sayar da ƙafar alade.

Jama'a kun san wurin, manyan bahunan nan cike da ƙafafu a cikin jan ruwan gishiri. Ni da tun ina yaro in na zo wucewa ta nan nake ɗauke numfashi, yau ga ni a tsaye daram, farin kaftani, hula, carbi, ina jiran mace ta gama ciniki. Ta ɗaga wannan ƙafar ta ajiye, ta ɗaga waccan, suna ta dariya da mai kayan. Na yi gyaran murya. Shiru. Na matsa kusa na miƙa hannun dama, tafin a buɗe, kuma wallahi carbin na rataye a wuyan hannun, na sassauta murya don kada a ce na yi wa mace tsawa a kasuwa, nace Anti, Anti, dan Allah.

Ta juyo. Ba ita ba ce.

Wannan ta fi waccan haske, kuma da tabarau. Ta kalle ni daga hula zuwa takalmi, ta kalli hannun, ta kalli carbin, sai fuskarta ta yi laushi, irin tausayin nan na tsakani da Allah. Ta kwance jakarta ta laluba ta zaro tsabar sidi 1 ta ɗora mini a tafi, ta haɗa da hannunta biyu ta naɗe mini yatsuna a kai, tace Kramo ka yi mini addu'a, daga jana'iza nake. Wannan kam ko ba ka jin Twi ka gane.

Yanzu nan ne ake ta jayayya. Mutane na cewa me ya sa ban mayar ba. Ku tsaya. Na ɗaya, ba ni na rufe hannun ba, ita ta rufe. Na biyu, duk ɗan Musulmin da aka taso da shi a makarantar allo, in aka saka masa abu a hannu aka ce ya yi addu'a, bakinsa ba ya jiran izininsa. Ni dai kawai na ji muryata tana cewa Allah ya jiƙan musulmi, Allah ya ba da haƙuri. Har mai ƙafar aladen ta amsa da amen. Ita ma ta fara laluben gwangwanin cinikinta, a nan ne hankalina ya dawo na ja baya ina a'a a'a, canji, meti, trotro, 13, ina nuna yatsu, su kuma suka ɗauka raina kuɗin na yi ina neman ƙari, sai matar ta ɓata rai tana faɗa wa na kusa da ita wai ka ga mabaratan yanzu har farashi gare su. Wata mai albasa daga can, ƴar Bawku ce ina jin, ita ta fassara mini da Hausa da ƙarfi yadda kowa zai ji, tace Malam ka karɓi abin da Allah ya ba ka mana, da wannan shaddar taka ma ai ka gode an ba ka.

Ina juyawa don in bar wurin, wa zan gani. Alhaji mai goro. Tsaye, da lema a hammata, baki a buɗe har ana ganin jan goron. Ban san tun yaushe yake wurin ba amma daga yadda ya girgiza kai na san bai rasa komai ba. Yace innalillahi, ɗan Malam, abin har ya kai haka? Nace Baba ba yadda kake zato ba ne. Yace a'a a'a, kada ka ce komai, Allah ya rufa asiri, ai da ka zo ka same ni. Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Da na zo na same shi! Mutumin da kaftani uku na ɗinka masa, har da na zuwa Umara, har yau ko kuɗin zare bai ba ni ba, kullum in na je sai yace goro ya yi tsada a daji, motar Kumasi ba ta iso ba, a dawo Juma'a. Mutumin da in aka zo karo-karo na gyaran lasifikar masallaci sai ya kama tari ya fita. Shi ne wai zan je in sama. Kuma ni tambayar da ba wanda ya yi masa, kuma ina so a yi masa a majalisa a gaban kowa: shi me ya kai shi layin ƙafar alade? Ni dai an san mace na biyo. Shi fa? Goro ake sayarwa a can? Na tambayi ɗansa yace wai hanyar yanke ce zuwa Tudu. To.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, Alhaji har yanzu da tsohon kuɗi yake lissafi. Tun 2007 aka yanke sifiri huɗu, dubu goma ta koma sidi 1, yaran da aka haifa lokacin har sun fara gemu, shi bai sauya ba. Saboda haka da ya iso Nima bai ce an ba ni sidi 1 ba, cewa ya yi da idonsa ya ga wata mata ta ba ɗan Malam sadakar dubu goma a Makola. Dattawa suka gane, suka yi ta salati. Samarin bes, wato majalisar matasa, kuwa suka ɗauka dubu goma na yanzu. Kafin in dawo daga Fadama unguwa ta rabu biyu, rabi na tausayina rabi na jirana. Ina sauka wani ya tare ni wai Yaya a taimaka da 500 zai biya kuɗin haya, wani yace in nuna masa layin da nake tsayawa. Mai ataya, wato shayi, da bai taɓa ba ni kofin farko ba ya miƙo mini da hannu biyu. A gida kuma na tarar da kwanon tuwo da miyar ayoyo daga gidan Hajiya ta bayan masallaci, wai a ba yara, kada a ji kunya, kowa da ranarsa. Uwargida ta zauna ta tasa kwanon a gaba tana kallona, tace Malam in akwai abin da ban sani ba gara in ji daga bakinka. Na fara bayani tun daga meti, ina kaiwa wajen na bi wata mata cikin kasuwa sai tace wace mata. Nan kuma wata shari'ar ta buɗe wadda ba ta shafe ku ba.

Atamfar ma sai da na sha wuya kafin na samu, don kwatancen Gwaggo na tsohuwar Makola ne, wai in shiga ta babbar ƙofa in yi dama. Kasuwar da sojoji suka rushe tun 1979, wurin da motoci ke fakin yanzu. Na kira ta nace Gwaggo ba ƙofa a nan, tace kai dai ba ka iya neman abu ba tun kana ƙarami. Na sayo wadda na ga ta yi kama da ƙyallen da ta ba ni, tace ruwan ganyen ya yi duhu, ranar Laraba za ta duba da kanta a kasuwar Nima, abin da da tun farko aka yi da duk wannan bai faru ba. Ita ma labarin ya iso mata, amma ita abin da ya dame ta wai da kaftanin da kowa ya san ni da shi na je, da ban sauya kaya ba.

Amaryata ta gaskiya kuwa, mai sidi 7, ban sake ganinta ba. Wani lokacin ina tunanin wataƙila ita ma ta samo canjin ta tsaya tana dube-dube tana neman mai farin kaftani, ta gaji ta tafi. Wani lokacin kuma in ce ina, ta sha koko da ƙosai da kuɗina. Metin dai zan gane shi, yana da tsaga a gira kuma rigar ƙwallo ja ce a jikinsa, duk da dai rabin metocin Accra haka suke.

Sidi ɗayan yana nan a aljihun kaftanin, na tambayi Liman ko ya halatta in ci tunda an ba ni ne bisa zaton ni mabaraci ne, ya yi dariya har ya kasa ba ni fatawa, yace in dawo bayan isha'i. Kuma wanda ya turo mini sidi 10 ta MoMo, kuɗin waya, da daddare da saƙon Allah ya yaye, na ga sunan, na san kai ne. Na ci wace, shinkafa da wake, da ƙwai da shi da safe.