Gwamnatin da ta ce a rufe shago, ita ake bi bashi

Ranar 11 ga Maris 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya, kuma kafin watan ya ƙare gwamnatoci gabas da yamma sun umarci jama'a su zauna a gida. Umarnin ɗaya ne ga kowa, amma nauyinsa bai sauka daidai ba. Ma'aikacin ofis ya ɗauki kwamfutarsa ya koma gida, ƙarshen wata albashi ya shigo. Mai aski kuwa babu kan da zai aske ta intanet. Ya goge almakashi da injinsa, ya lulluɓe kujera da ƙyalle, ya ɗana kwaɗo a ƙofa, ya tafi da cinikin ranar ƙarshe a aljihu. Daga ranar kuɗi suka daina shigowa, amma ba su daina fita ba. Hayar shago tana tafiya, kuɗin wuta yana taruwa, yaron da ke taya shi aiki ya zuba masa ido, iyali kuma sai sun ci.

Abin da gwamnatoci suka ba irin wannan mutum ana kiransa tallafi, wasu ma su ce agaji. Ni sunan bai kwanta mini ba. Mutumin nan bai yi kasala ba, jarinsa bai karye don sakaci ba, abokan cinikinsa ba su guje shi ba. Hukuma ce ta hana shi aiki domin lafiyar kowa, kamar yadda take karɓar filin mutum idan za a fitar da hanya. Wanda aka karɓi filinsa diyya ake biyansa, kuma babu mai cewa an yi masa alfarma. Wannan bambancin suna yana da nauyi, domin alfarma ana yin ta ne ga wanda aka ga dama a lokacin da aka ga dama, diyya kuwa haƙƙi ce da ake binta.

Ko da an ajiye batun haƙƙi a gefe, akwai batun cutar kanta. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 2, wato sama da kashi 60 cikin ɗari na masu aiki a duniya, suna neman abinci ne a sana'o'in da babu rajista, babu albashi, babu fansho. A watan Afrilun 2020 ta ce kulle ya taɓa biliyan 1.6 daga cikinsu, kuma abin da suke samu ya faɗi da kusan kashi 60 cikin ɗari a watan farko. Mai rayuwar hannu baka hannu ƙwarya ba zai iya zama a ɗaki mako uku ba, ko da kuwa ya yarda da kowace kalma da likitoci suka faɗa. An ga haka a Indiya, inda aka sanar da kullen ƙasa baki ɗaya ranar 24 ga Maris 2020 da wa'adin awa huɗu kacal. 'Yan ci-rani da aikinsu ya tsaya suka kama hanya a ƙafa, wasu ɗaruruwan kilomita, da yara a kafaɗa, suna cunkushe a tashoshi. Dokar da aka yi don raba mutane ita ta tara su. Kuɗin da ake ba mai sana'a ya zauna a gida magani ne kamar kowane magani, kuma a lissafin yaƙi da cuta ya kamata a sa shi.

Ƙasashe masu arziki sun buɗe baitulmali, wannan gaskiya ne. Sai dai abin lura shi ne wanda kuɗin ya fara samu. A Birtaniya, Rishi Sunak, ministan kuɗi na lokacin, ya sanar ranar 20 ga Maris cewa gwamnati za ta biya kashi 80 cikin ɗari na albashin ma'aikatan da aka zaunar, har zuwa fam 2,500 a wata. Masu zaman kansu sai da suka jira zuwa 26 ga Maris kafin a ambace su, sannan ba a buɗe ƙofar nema ba sai tsakiyar Mayu. Sharaɗin kuwa shi ne mutum ya riga ya cike takardar harajin shekarar 2018 zuwa 2019, ribarsa kada ta wuce fam 50,000, kuma aƙalla rabin abin da yake samu ya fito daga sana'ar. A takarda sharaɗin yana da ma'ana, don ta nan ne hukumar haraji za ta san nawa mutum yake samu. Amma ka dubi matar da ta ajiye aikin albashi a tsakiyar 2019, ta zuba duk ajiyarta ta sayi keken ɗinki da kayan aiki, ta kama hayar ɗan ɗaki. Ba ta cikin masu albashi, don ta bar aiki. Ba ta cikin masu sana'ar da aka sani, don shekarar harajinta ba ta zagayo ba. Irinta sai a kasafin kuɗin Maris 2021 aka shigar da su, bayan shekara guda. Wanda jarinsa ya fi kowa ƙanƙanta, wanda bai tara komai ba tukuna, shi aka bari a waje mafi tsawo.

A Amurka matsalar ta ɓullo ta wata ƙofa. Dokar CARES da aka sa wa hannu ranar 27 ga Maris 2020 ta ware dala biliyan 349 ga shirin PPP, rancen da ake yafewa idan mai kamfani ya riƙe ma'aikatansa. Aka damƙa rabon a hannun bankuna, aka ce wanda ya riga zuwa shi zai samu. An buɗe ranar 3 ga Afrilu, zuwa 16 ga wata kuɗin sun ƙare. Banki kuwa wa zai fara kira? Wanda ya saba hulɗa da shi, mai akanta da lauya, wanda takardunsa ke shirye a kan tebur. Kamfanin abinci na Shake Shack ya samu dala miliyan 10, ƙungiyar ƙwallon kwando ta Los Angeles Lakers ta samu miliyan 4.6, duka biyun suka mayar bayan jama'a sun yi caa a kansu. A daidai lokacin mai ɗan shagon da bai taɓa cin bashin banki ba yana ta buga waya babu mai ɗauka. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Shirin ya ci gaba har ya lashe kusan dala biliyan 800. Binciken da masanin tattalin arziki David Autor da abokan aikinsa suka wallafa a 2022 ya gano cewa tsakanin kashi 23 zuwa 34 cikin ɗari ne kawai na kuɗin ya shiga aljihun ma'aikatan da da sun rasa aikinsu, sauran ya tafi ga masu kamfanoni, masu hannun jari da masu bin su bashi. Mai sana'a shi kaɗai ma da farko da ribarsa bayan cire kashe-kashe ake auna abin da zai samu, don haka wanda ribarsa ta yi ƙasa sai ya tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Sai a Maris 2021 aka gyara wannan.

Jamus ta yi saurin da ya cancanci yabo. Cikin 'yan kwanaki ta fara biyan har yuro 9,000 ga masu ma'aikata biyar ko ƙasa da haka, da yuro 15,000 ga masu har goma. Amma kuɗin gwamnatin tarayya na kashe-kashen sana'a ne kawai, kamar haya da biyan kayan aiki, ban da ci da sha na mai sana'ar. Mawaƙi ko mai ɗaukar hoto ko malamin da ke koyarwa gida-gida ba shi da shagon da zai biya wa haya, jikinsa ne jarinsa. Daga baya aka bi mutane da yawa da takardun su mayar da abin da suka karɓa. Wanda ya tsara wannan ƙa'ida ya ɗauka aljihun sana'a daban, na gida daban. A wurin ƙaramin mai sana'a aljihun ɗaya ne, kuma duk shirin da bai fahimci haka ba zai yi ta kuskuren mutanen da aka yi shi dominsu.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bashi. Ƙasashe da dama sun miƙa wa ƙananan 'yan kasuwa rance mai sauƙin ruwa, suka sa shi a lissafin taimako. Rance yana da amfani ga wanda cinikinsa jinkiri ya yi, kamar mai sayar da kayan gini wanda abokan cinikinsa za su dawo su sayi abin da suka fasa saya. Amma askin da ba a yi a Afrilu ba, ba za a yi shi sau biyu a Yuli ba. Fasinjan da bai hau mota ba ya tafi kenan. Wannan asara ce da ba ta dawowa, kuma idan ka ba mai ita bashi, ka ɗage masa ranar kuka ne kawai, sannan ka ɗora masa nauyin da ya kamata al'umma duka ta raba.

Masu adawa da rabon kuɗi suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Sun ce sauri yana buɗe wa ɓarayi ƙofa. Haka ne. Shirin rancen Bounce Back na Birtaniya ya raba kusan fam biliyan 47, kowane mai nema har fam 50,000, gwamnati ta tsaya wa bankuna ɗari bisa ɗari, bincike kuwa kaɗan. Zambar da aka tafka ta kai biliyoyin fam, har Lord Agnew, ministan da ke kula da yaƙi da zamba, ya ajiye muƙaminsa a zauren majalisar dattawa a Janairun 2022 saboda takaicin yadda aka riƙe lamarin. Kuɗin jama'a ne, kuma talaka ne zai biya su da haraji. Sai dai idan aka duba da kyau, ƙofar da ɓarawo ya bi ya shiga, ita ce ta rufe wa mai gaskiya: gwamnati ba ta san waye waye ba. Don ba ta san su ba ta yarda da kamfanin bogi mai takarda, don ba ta san su ba ta juya wa tela na gaske baya.

Akwai kuma masu cewa wanda bai yi rajista ba, bai biya haraji ba, da wane ido zai nemi kuɗin gwamnati? Wannan magana ta manta cewa mutumin yana biyan haraji a kan kusan duk abin da ya saya, yana biyan kuɗin rumfa da na lasisi ga ƙananan hukumomi, kuma lokacin da aka zo rufe masa shago babu wanda ya tambaye shi rasit.

Abin sha'awa, wasu darussa masu kyau daga ƙasashen da ba su da kuɗin Amurka suka fito. Brazil ta riga tana da kundin iyalai marasa ƙarfi tun kafin annoba, ta ɗora a kansa, ta buɗe manhajar waya ga waɗanda ba sa ciki, ta biya real 600, wato kuɗin ƙasar, a wata, uwa mai riƙon gida ita kaɗai kuma ninki biyu. Kusan mutum miliyan 68 suka samu. Togo kuwa ta ƙaddamar da shirin Novissi a Afrilun 2020 da abin da ke hannunta: kundin masu zaɓe da aka sabunta kafin zaɓen shugaban ƙasa na Fabrairu, wanda ke ɗauke da sana'ar kowa da inda yake zaune. Mutum zai danna 'yar lamba a ƙaramar wayarsa, ko da ba ta da intanet, ya shigar da lambar katin zaɓe, kuɗi su faɗo a asusun wayar. Mata sefa 12,250 a wata, maza 10,500, bisa lura da cewa abin da ya shiga hannun mace ya fi saurin isa bakin yara. Kuɗin kaɗan ne, kuma wanda ba shi da katin zaɓe ya rasa, baƙi ma haka. Amma babu layi, babu fom mai shafi goma, babu wani a tsakani da zai ce sai an ga shi.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk ƙasar da kuɗinta suka isa hannun masu sana'a da wuri, da kundin da ta riga ta mallaka ta yi aiki, na haraji ne ko na zaɓe ko na marasa ƙarfi. Don haka aikin na yanzu ne, lokacin da shaguna ke buɗe. A sauƙaƙa rajista ta zama kyauta, ta waya, cikin 'yan mintoci, kuma a raba ta da farautar haraji, domin muddin mai sana'a yana ganin rubuta sunansa tarko ne, ɓoyewa zai yi, kuma ba zan ga laifinsa ba. A jawo ƙungiyoyin masu sana'a, don su suka san wanda ke aiki da gaske da wanda ya ari riga. A rubuta a doka tun yau cewa duk ranar da hukuma ta ba da umarnin rufewa saboda annoba, biyan diyya zai fara a makon, kai tsaye zuwa asusun mutum, kyauta ba rance ba, kuma mai shi ya kashe a kan haya ko abinci yadda ya ga ya fi.

Korona ba ita ce annoba ta farko ba. An yi SARS a 2003, murar aladu a 2009, Ebola a Afirka ta Yamma a 2014, kuma masana lafiya suna ta gargaɗin cewa wata za ta zo. Ranar da ta zo za a sake roƙon mai aski ya ɗana kwaɗo a ƙofarsa, kuma abin da zai fara tunawa shi ne yadda aka yi da shi a 2020.