Taswirar maganaɗisu ba takardar rabon zinare ba ce

Tun da gwamnatin tarayya ta ɗage haramcin haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Disambar 2024, wata tsohuwar magana ta sake tasowa, kuma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Wai tuni Turawa suka zagaye ƙasar nan da jirage, suka ɗauki hoton duk inda zinare yake kwance, taswirar tana kulle a Abuja, manya kaɗai ke leƙawa. Don haka bincike ya ƙare, saura rabo. A majalisar unguwa ana faɗin haka, masu digiri ma suna maimaitawa.

Jiragen kam sun yi shawagi. Tsakanin 2003 da 2010 kamfanin Fugro ya yi wa Hukumar Binciken Ƙasa ta Najeriya, NGSA, wannan aiki, Bankin Duniya ya tallafa wa wani ɓangarensa. Jirgin kan bi layi a miƙe, kimanin mita 80 sama da ƙasa, tsakanin layi da layi mita 500. Amma babbar na'urar da yake ɗauke da ita ƙarfin maganaɗisun duniya take aunawa, inda ya ɗan haura yadda ake tsammani da inda ya gaza. Zinare kuwa ba ruwansa da maganaɗisu. Masu sayar da shi a kasuwa sun san haka, shi ya sa suke kara mayen ƙarfe a jikin sarƙa don kama jabu. To ta yaya na'urar maganaɗisu za ta hango shi daga sama?

Abin da take gani shi ne wani baƙin ma'adinin ƙarfe, magnetait, wanda wasu duwatsu ke da shi da yawa, wasu kaɗan. Daga wannan bambanci masana ke zana ƙirar tsohon ɓawon ƙasar da jar ƙasa da yashi suka lulluɓe: inda wani dutse ya ƙare wani ya fara, inda ƙasa ta tsage ta goce, da zurfin da dutsen yake. Kuma ɓawon da muke takawa tsoho ne ƙwarai. A kewayen Kaduna an auna dutsen da ya kai shekara biliyan uku da rabi. Kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce, yankin ya matsu a karon da ya yi da tsohon doron dutsen da ke yamma da mu, wanda ake kira doron Afirka ta Yamma, duwatsu suka lanƙwashe, manyan tsagogi suka buɗe, irin na Anka da Kalangai. Ta cikin waɗannan tsagogi da rassansu ruwa mai tsananin zafi ya biyo, ya bar jijiyoyin farin dutse, wasunsu ɗauke da zinare. Shi ya sa sunayen Anka, Maru da Birnin Gwari ke ta dawowa duk lokacin da aka yi zancen zinare. Taswirar tana nuna hanyar da ruwan ya bi. Ko ya ajiye wani abu, da yawansa, sai an je da ƙafa, an ɗebi samfur, an huda ƙasa.

Akwai kuma wahalar da ta shafe mu musamman, wadda masu zancen taswirar ɓoye ba su taɓa ambata ba. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ta arewacin Najeriya ya ratsa. A nan ƙarfin kusan a kwance yake tafiya, ba ya nutsawa ƙasa kamar a Kanada ko Rasha. Saboda haka dutse mai yawan magnetait kan fito a taswira da alamar rauni maimakon ƙarfi, tsagar da ta miƙe daga kudu zuwa arewa kuma kan dusashe har ta kusa ɓacewa. Manyan tsagoginmu kuwa kusan wannan fuska suka dosa. Wanda aka miƙa wa taswirar nan ba tare da ya san lissafin gyara ta ba, ramin da zai haƙa a wurin da ba daidai ba zai kasance.

Masu cewa nazarin tsoffin duwatsu almubazzaranci ne a ƙasar da ake fama da yunwa, su duba Ostireliya. A 1975 aka gano ma'adinin Olympic Dam mai tagulla da yuraniyom da zinare, a ƙarƙashin kusan mita 300 na dutsen da ba ya nuna komai a sarari. Alamun maganaɗisu da na nauyin ƙasa ne suka ja hankalin masana zuwa wurin, sannan aka huda aka tabbatar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, wannan tatsuniya tana koya wa mutane raina ilimi. Matashi ya yarda komai an riga an gano, sai ya ɗauki diga ya bi jita-jita. Mun ga inda haƙa ba tare da sanin dutse ba ta kai mu. A 2010, a ƙauyukan Zamfara irin su Dareta da Yargalma da Bagega, an riƙa niƙa dutsen zinare mai cike da dalma a cikin gidaje, yara sama da 400 suka rasu. Gwajin samfur tun farko da ya nuna gubar. Duk wanda ke ci gaba da yaɗa cewa bincike ya ƙare, yana share fagen maimaita wannan musiba, ko ya sani ko bai sani ba.

Hukumar binciken ƙasa ta Ostireliya kyauta take sakin irin waɗannan bayanai a intanet. Mu kuwa ɗalibinmu sai ya saya yanki-yanki kafin ya rubuta kundinsa, alhali da dukiyar jama'a aka yi aikin. A sakar wa jami'o'in Zariya, Kano, Sakkwato da Jos bayanan gaba ɗaya, a ba su kwamfutoci da kuɗin fita daji, a kuma wajabta wa duk kamfanin da ya karɓi lasisi ya miƙa wa hukuma sakamakon hudar da ya yi kafin a sabunta masa.