Sabuwar waya ba ta buƙatar sabon imel

A Terminus da ke Jos na ga wata baiwar Allah ta sayi waya, ta ce mai shago ya buɗe mata sabon Gmail, wai tsohon ya tafi da wayarta da aka sace. Abin ya dame ni, domin da yawa haka suka ɗauka.

Saƙonni ba a cikin waya suke zaune ba, suna ajiye a kwamfutocin Google. Sa tsohon adireshinka da kalmar sirri a sabuwar wayar, za su dawo, har da lambobin mutane in a asusun ka adana su. In a manhajar karanta imel ta Outlook za ka haɗa asusun, cikin hanyoyin haɗawa zaɓi wadda ake kira IMAP, domin wadda ake kira POP3 kan iya sauke saƙo ta goge shi daga kwamfutocin Google. Kalmar sirrin kuwa, don Allah kada ka bar ta a hannun mai shago.