Gurbi ɗaya tak nake son ƙarawa

Wai don Allah, masu rubuta fulogin (ƙananan manhajojin da ake jonawa) na Django, tsarin nan na gina shafukan intanet, wa ya ce muku kun san duk abin da manhajar kowa take buƙata? Ka ɗauko fulogin na adireshi, komai lafiya lau, sai ka zo ƙara gurbi ɗaya tak, a ce na lambar waya ta biyu, ka tarar an kulle tsarin bayanan gam.

Daga nan sai kame-kame. Ko ka ƙirƙiri wani teburi ka ɗaure shi da nasu ta OneToOneField, mai haɗa layi ɗaya da layi ɗaya, duk tambayar da za ka yi wa rumbun bayanai da ta shafi sabon gurbin sai an haɗa tebura biyu. Ko kuma ka kwafe fulogin ɗin ɗungurungum ka gyara da hannu, ranar da suka fitar da sabon salo kuwa ka shiga uku, don fayilolin sauya teburanka da nasu ba sa ga maciji.

Abin haushin, hanyar a fili take. Tun Django 1.5 a 2013 aka kawo AUTH_USER_MODEL, kowa ya sa nasa tsarin masu amfani, kodayake canja shi bayan aiki ya yi nisa wani ciwon kai ne daban. Django-oscar, na gina shagunan intanet, ya bar nasa tsare-tsaren a buɗe, ka gada ka ƙara abin da kake so. Wagtail ma, na sarrafa abubuwan da ake wallafawa a shafi, ya yarda ka musanya na hotuna. To kai mai rubuta fulogin mai tebura uku kacal, me ya hana ka?